Riƙon Tsoho a Gida: Ribarsa da Nauyinsa a Tsakanin Hausawan Njamena

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce wane ya gama da iyayensa lafiya, yana nufin iyayen sun tsufa a hannunsa, ya ciyar da su, ya tufatar da su, ya yi jinyarsu, har suka koma ga Mahaliccinsu suna sa masa albarka. Wannan yabo ne da dukiya ko muƙami ba su jawo wa mutum, kuma akan tuna da shi har a wajen neman aure, domin ana ganin wanda ya riƙe uwarsa zai iya riƙe 'yar wani. Wannan takarda za ta duba abin da iyali suke samu idan suka riƙe tsohonsu a gida, musamman wanda ya tsufa tukuf, wato wanda ya kai shekara 80 ko ya haura. An ɗauki Hausawan birnin Njamena na ƙasar Chadi a matsayin misali, saboda yadda tarihin zamansu a can ya ɗora wa tsoho wani aiki da ba lalle ne ya hau kansa a Kano ko Katsina ba. Za a kuma riƙa tsayawa a kan kalmomin da Hausawa suke amfani da su a wannan fage, domin amfanin ɗalibi mai koyon harshe.

2.0 Yadda Hausawa Suka Zauna a Njamena

Faransawa ne suka kafa garin a shekarar 1900, bayan yaƙin Kusiri wanda aka kashe Rabe da kwamandan Faransa mai suna Lamy a cikinsa. Suka raɗa wa sabon sansanin suna Fort-Lamy. Yana nan a inda kogin Logon ya haɗu da kogin Shari, yana fuskantar garin Kusiri na ƙasar Kamaru. Sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya sauya sunan zuwa Njamena.

Abu biyu suka kai Hausawa can: fatauci da aikin hajji. Kafin jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, maniyyaci yakan tashi daga Kano ko Sakkwato ya bi ta Borno, ya ƙetare kogi a Kusiri, ya ya da zango a Fort-Lamy, sa'an nan ya nufi Ati da Abeshe, ya shiga Darfur, har ya kai gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, domin guzuri yakan ƙare a hanya, sai mutum ya tsaya ya yi sana'a ya tara na gaba. Yawan masu bin hanyar ya ƙaru bayan 1903, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, jama'a da yawa suka yi hijira zuwa gabas. Daga cikin matafiyan nan wasu sun isa Makka sun dawo sun tsaya a Chadi, wasu kuwa zangon ne ya zame musu gida, suka yi aure, suka hayayyafa, suna kasuwanci da fawa da ɗinki da dukanci da wanzanci da karantarwa. Masanin tarihi John Works ya rubuta littafi guda a kan waɗannan al'ummomi a 1976, inda ya fi mayar da hankali a kan Fort-Lamy da Abeshe.

Wannan tarihi yana da nasaba da maganar tsufa kai tsaye. Mutumin da aka haifa a Fort-Lamy a 1940 yana da shekara 20 lokacin da Chadi ta sami mulkin kai a ranar 11 ga Agusta 1960. Ya ga yaƙin da ya ɓarke a tsakiyar birnin a Fabrairun 1979, ya ga wanda ya fi shi muni a 1980, lokacin da dubun dubatar mazauna birnin suka tsallaka kogi a kwalekwale zuwa Kusiri. Ya sake ganin gudu a Fabrairun 2008, sa'ad da 'yan tawaye suka shigo har tsakiyar gari. Mai yiwuwa kuma kakansa ne ya taso daga Kano da ƙafa, shi kuwa ya ji labarin daga bakin kakan. Irin wannan mutum shi ne tsohon da ake magana a kansa a nan.

Su kuma ba su da yawa. Kusan rabin al'ummar Chadi yara ne da ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka kai shekara 65 kuwa kimanin 2 ne kawai cikin 100. Ke nan, gidan da yake da tsoho mai shekara 85 yana riƙe da abin da maƙwabtansa da yawa ba su da shi.

3.0 Wasu Kalmomi na Wannan Fage

Kalmar "tsoho" da "tsohuwa" su ne na gama-gari, amma ba a cika kiran mutum da su a gaban idonsa ba sai cikin wasa. Saurayi yakan ce "tsohona" ko "tsohuwata" yana nufin mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko da ba su tsufa ba, haka ma "gyatumi" da "gyatuma". "Dattijo" kuwa ya haɗa shekaru da hali, shi ya sa ake iya cewa wane ya tsufa amma babu dattako. A wajen kira, sai a ce Baba, ko Inna, ko Iya, ko Alhaji, ko Hajiya, ko Malam, gwargwadon abin da gidan ya saba. Ɗan ɗa ko ɗan 'ya shi ne "jika", ɗan jika kuma "tattaɓa-kunne". A Larabcin Chadi, wanda shi ne harshen kasuwa da titi a Njamena, ana kiran tsoho "shayib", tsohuwa kuma "ajuz", kuma yaran Hausawan birnin sun san waɗannan kalmomi kamar yadda suka san na gida.

Kalmar da ta fi rikita ɗalibi ita ce "jinya". Ana cewa "yana jinya" ga wanda yake kwance ba shi da lafiya, ana kuma cewa "yana jinyar babansa" ga wanda yake kula da shi. Saboda haka "mai jinya" yana iya zama mara lafiyar, yana kuma iya zama mai dawainiya da shi, sai dai a gane daga zancen. A cikin wannan takarda, "mai jinya" yana nufin mai dawainiyar. Sai kuma "riƙo", wanda ya fi jinya faɗi, domin ya ƙunshi ci da sha da wurin kwana da sutura, ko mutum yana da lafiya ko ba shi da ita. Da wannan kalma ɗaya ake cewa kaka tana riƙon jika, da ita kuma ake cewa jika yana riƙon kaka bayan shekara 30.

4.0 A Wuyan Wa Riƙon Yake?

Hausawan Njamena, kamar 'yan'uwansu na Nijeriya da Nijar, mabiya mazhabar Malikiyya ne. A wannan mazhaba, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambaci haka, Muhtasar na Halil kuma ya ƙara da cewa har ɗaukar nauyin mai yi musu hidima. Sai dai akwai abu biyu da mutane da yawa ba su lura da su ba. Na farko, wajibcin ciyarwar ya tsaya ne a kan uwa da uba, bai hau zuwa kakanni ba. Na biyu, shari'a ba ta wajabta wa matar ɗa yi wa iyayen mijinta hidima ba. Amma idan aka leƙa cikin gidaje, sai a tarar da cewa jikoki da matan 'ya'ya su ne suke ɗauke da kaso mai yawa na aikin. Wato dai abin da yake riƙe da tsofaffi a zahiri ya fi abin da alƙali zai iya tilastawa yawa. Sauran duk kyautatawa ce da al'ada da neman lada.

Dokokin zamani ma sun taɓo batun. Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam da Al'ummomi ta 1981, a sashe na 29, ta sanya girmama iyaye da ɗaukar nauyinsu idan suna da buƙata a cikin haƙƙoƙin da suke kan kowane mutum. A Janairun 2016 Tarayyar Afirka ta amince da wata yarjejeniya ta musamman a kan haƙƙin tsofaffi. Amma abin da yake isa hannun tsoho daga hukuma kaɗan ne. Akwai asusun CNRT na ma'aikatan gwamnati da suka yi ritaya, akwai kuma CNPS na ma'aikatan kamfanoni masu albashi. Mahauci da tela da mai tireda da malamin allo, waɗanda su ne galibin Hausawan birnin, ba su taɓa shiga ko ɗaya daga ciki ba. Fanshon irin waɗannan mutane shi ne 'ya'yansu.

5.0 Abin da Iyali Suke Samu

5.1 Albarka

Idan aka tambayi mai jinya dalilin da ya sa yake wannan wahala, amsar farko ita ce neman albarka. Alƙur'ani, a Suratul Isra'i aya ta 23 da ta 24, ya haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Allah, ya kuma keɓe lokacin tsufansu da ambato, ya hana ko da nuna musu ƙosawa da baki. Akwai kuma hadisi a cikin Sahihu Muslim da yake nuna hasarar wanda ya riski iyayensa a halin tsufa amma hakan bai zama sanadin shigarsa Aljanna ba. Yaro yakan ji waɗannan tun yana makarantar allo.

A wajen Bahaushe albarka ba ta tsaya ga lahira ba. Ana ganin ta a kasuwa, ana ganin ta a 'ya'ya. Idan ɗan kasuwa ya bunƙasa sai a ce albarkar iyaye ce take bin sa, idan kuma wani ya lalace bayan ya wulaƙanta uwarsa sai a ce baki ne ya kama shi. Ko mutum bai yarda da wannan fassara ba, akwai wani ɓangare nata da ido yake gani. Al'ummar da take zaune a baƙuwar ƙasa da amana take rayuwa: bashin kaya, da ajiyar kuɗi, da ba da aure, duk suna tafiya ne a kan sanin halin mutum. Wanda unguwa ta shaida yana ɗaukar babansa zuwa masallaci ran Juma'a, yana zama da shi a asibiti, ya riga ya ba da shaidar kansa ba tare da ya buɗe baki ba.

5.2 Harshe da Asali

A nan ne Njamena ta bambanta da Kano. Yaron Kano zai iya Hausa ko da kaka ko babu, domin titi zai koya masa. Yaron Bahaushe a Njamena kuwa da ya fita ƙofar gida Larabcin Chadi zai ji, idan ya shiga aji kuma Faransanci ne ko Larabcin littafi, waɗanda su ne harsunan hukuma. Iyayensa ma, da yake a nan aka haife su, sau da yawa sukan juya zuwa Larabci idan magana ta yi sauri, balle idan uwar ba Bahaushiya ba ce. Wanda yake dagewa a kan Hausa a cikin gidan, yana gyara wa yaro idan ya ce "ya zo" a wurin "ta zo", yawanci shi ne tsohon. Da yake kuma yara ake aika wa su kai masa ruwa, su miƙa masa buta, su kore masa ƙuda, su ne suka fi kowa zama da shi. Hidimar da aka ɗora wa yaro sai ta zame masa darasin harshe na sa'o'i a kullum, ba tare da kowa ya shirya hakan ba.

Hausar da yake ji ɗin ma ba irin ta rediyo ba ce. A bakin tsohuwa ake samun tatsuniya da kacici-kacici da waƙoƙin daka da na raino, da sunayen kayan da aka daina amfani da su, da karin harshen garin da kakanninta suka baro. Mai nazarin harshe yana iya jin alamar Sakkwatanci ko Katsinanci a bakin wadda ba ta taɓa taka Sakkwato ko Katsina ba. Darajar irin wannan baki sananniya ce a fagen nazarin Hausa: littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga shi a 1954, har yanzu yana cikin manyan madogaran masu nazarin rayuwar matan Hausawa, alhali hira ce kawai da tsohuwa guda.

Bayan harshe akwai asali. Tsoho ne ya san sunan unguwar da aka baro a Kano, da gidan da ake da dangantaka da shi a Abeshe ko a Sudan, da wanda ya sha nono ɗaya da wane. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin shayarwa tana haramta aure, kuma ba a rubuta ta a takarda. Haka nan a birnin da aka sha gudu ana barin gidaje, takardu suna ɓacewa, sau da yawa bakin dattijo ne yake tabbatar da inda iyakar fili ta tsaya da yadda aka mallake shi. Gidan da ya bar tsohonsa shi kaɗai a ɗaki ba mai hira da shi yakan gane abin da ya rasa ranar rabon gado.

5.3 Kaka da Jika

Tsakanin iyaye da 'ya'ya a al'adar Hausa akwai kunya, musamman a kan ɗan fari, wanda uwa ba ta ko kiran sunansa. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne. Kaka mace takan kira jikanta namiji mijinta, ta kira jikanyarta kishiya. Ana iya jin irin wannan a tsakar gida:

"Maigida, yau ma babu cefane? Ni fa na gaji da wannan aure."

"Ai na yi amarya, Iya, ke kin tsufa."

"To, je ka, za ka dawo ka same ni ranar da ta ƙona maka tuwo."

Wannan wasa yana da aiki. Yaron da ba zai iya buɗe baki a gaban babansa ba yakan kai kukansa wurin kaka, ita kuma ta san yadda za ta isar da shi, domin ita kaɗai ce take iya tsawata wa maigidan a gaban iyalinsa. Budurwar da ake son a ba wanda ba ta so takan fara faɗa wa kaka. Ko tsohuwar da ba ta iya tashi daga kan tabarma tana iya wannan aiki, tana kuma iya sa ido a kan jariri yayin da uwarsa take girki.

Masana sun auna wani ɓangare na wannan. A shekarar 2000 Rebecca Sear da Ruth Mace da abokin aikinsu sun fitar da nazari a kan wasu ƙauyukan Gambiya, inda suka gano cewa yaran da kakarsu ta wajen uwa take raye sun fi samun abinci mai gina jiki, sun kuma fi tsira daga mutuwar ƙuruciya. Ƙauyen Gambiya daban, birnin Njamena daban, kuma kakannin da suka fi taimakawa su ne masu sauran ƙarfi. Duk da haka, sakamakon bai saɓa wa abin da Hausawa suka daɗe suna yi ba, na kai yaro gidan kaka idan za a yaye shi.

5.4 Shi Kansa Mai Jinya

An daɗe ana ɗaukar jinyar tsoho a matsayin abin da yake cin lafiyar mai yin ta. A 1999 Richard Schulz da Scott Beach sun bayar da rahoton wani bincike a Amurka a kan tsofaffin da suke jinyar mazansu ko matansu: waɗanda suka ce jinyar tana gallaza musu, haɗarin mutuwarsu a cikin shekara 4 ya ɗara na marasa jinya da kashi 63 cikin 100. Amma a cikin binciken nan dai, masu jinyar da ba su ji an matsa musu ba, ba a ga irin wannan ƙari a tare da su ba. Bayan shekara 10, a 2009, Stephanie Brown da abokan aikinta na Jami'ar Mishigan suka gano cewa waɗanda suke ba da aƙalla sa'a 14 a mako wajen kula da abokin aurensu sun fi waɗanda ba su yi daɗewa a duniya. Idan aka haɗa biyun, abin da ya fito shi ne, ba hidimar ce take kayar da mutum ba, yin ta ne shi kaɗai babu hutu babu mataimaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma ribar da ba ta shiga lissafi. Namijin da ya tashi yana tsoron babansa, ba su taɓa doguwar hira ba, sai ga shi yana yi masa aski, yana yanke masa farce, yana kama shi zuwa bayan gida. A irin wannan zama ne kunya take sassautawa, uba ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, wani lokaci har ya nemi gafarar ɗansa.

6.0 Nauyin da Yake Tare da Ribar

Aikin yau da kullum yana da yawa. Tsohon da haƙoransa suka zube sai abinci mai laushi: kunu, wanda ake kira "madide" a Larabcin Chadi, da fura da nono, da tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa. Wanda ya kwanta ba ya iya juyawa, dole a riƙa juya shi kamar kowace sa'a 2, dare da rana, in ba haka ba fatar baya da ta ƙugu ta ɓare ta zama gyambo. Tsugunno a masai yakan gagare shi, kuma a nan ne aka fi faɗuwa, karayar ƙugu kuwa ga mai shekara 85 sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Wanka da tsarki suna bin jinsi saboda al'aura: ɗa namiji ga uba, 'ya mace ko matar ɗa ga uwa.

Yanayin Njamena yana ƙara wa aikin wuya. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce a unguwanni da yawa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, saboda haka jikinsa yana iya bushewa bai nemi ruwa ba. Mai jinya ne zai riƙa ba shi ba tare da jiran ya tambaya ba, ya jiƙa zane ya lulluɓa masa. Azumin 2023 da na 2024 sun faɗo ne a tsakanin Maris da Afrilu. Shari'a ta ɗauke wa tsohon da ba ya iyawa azumi, a Malikiyya ma ciyar da miskini a madadinsa mustahabbi ne kawai, amma shawo kan wanda ya shekara 70 bai sha azumi ba ya yarda ya sha, aiki ne da yakan buƙaci a kira masa malamin da yake jin maganarsa. Idan damina ta ja baya kuma sai kogi ya cika. A Oktoban 2022 ruwa ya mamaye unguwanni kamar Waliya da Tukra har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, a 2024 kuma ambaliya ta kashe fiye da mutum 500 a faɗin ƙasar. A irin wannan dare, gidan da yake da tsoho kwance sai ya sami mai goya shi.

Abin da ya fi duka cin rai shi ne gigin tsufa. Tsohuwa ta manta ta ci abinci ta ce ana hora ta da yunwa, ta ce an sace mata kuɗi, ta fita da tsakar dare ta ce za ta gidan babanta. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba rashin godiya ba ne, ba kuma maita ba ce, ko da yake har yanzu akan sami inda ake jifar irin waɗannan tsofaffi da wannan zargi. Musu da ita ba ya amfani. Masu irin wannan ciwo da suka iya harshe fiye da ɗaya sukan rasa wanda suka koya daga baya su koma na ƙuruciya, don haka tsohuwar da ta shekara 60 tana ciniki da Larabci tana iya wayar gari ba ta amsawa sai da Hausa. A ranar nan, jikan da ya koyi Hausa a gefen tabarmarta shi ne tafintan gidan.

Rabon aikin kuma ba a cika yin sa da adalci ba. Ɗan da yake Kano ko Maiduguri ko Jidda yana aiko da kuɗi, idan ya zo ganin gida sau ɗaya a shekara shi ake yi wa shimfiɗa, shi tsohuwa take ambata. Wadda take wanke zannuwan fitsari kullum safiya, matar ƙaninsa ce, kuma ita ake zargi idan tsohuwa ta rame. Kuɗin ma ba kullum yake isa ba: tun da darajar naira ta faɗi a 2023 da 2024, abin da ɗa yake aikowa daga Nijeriya ya ragu ƙwarai idan aka canja shi zuwa sefa. A wasu gidajen kuma yarinya ake cirewa daga makaranta ta zauna da kaka. Wannan ba kyautatawa ba ce, biyan bashin manya ne da rayuwar yarinya. Gidajen da suke daɗewa suna riƙo ba tare da zumunci ya lalace ba su ne waɗanda suka zauna suka raba: wane kuɗin magani, wane cefane, wance kwana biyu a mako, aka kuma fito fili aka gode wa matar ɗa, tun da an san ba dolenta ba ne.

7.0 Kwanakin Ƙarshe

Idan jiki ya yi nisa, yawancin iyalai sukan fi son tsoho ya cika a ɗakinsa, ko da an fara kai shi asibiti. Akan aika wa na nesa su zo, waɗanda ba su iya zuwa kuma a kara wa tsohon waya a kunne. A wannan lokaci ne yake faɗin bashin da ake bin sa da wanda yake bi, da ajiyar mutane da take hannunsa, da wasiyyarsa, wadda shari'a ta taƙaita ga sulusin dukiya. Sa'an nan a shiga neman gafara. Ɗa yakan durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini," shi kuma ya ce, "Ba ka yi mini komai ba, na yafe maka duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka." Wanda yake kusa ne yake ɗiga masa ruwa a baki, ya juya shi ya fuskanci alƙibla, ya riƙa maimaita kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa ba tare da ya matsa masa ya faɗa ba. Idan rai ya yi halinsa, shi ne yake rufe masa ido. Masu zuwa gaisuwa kuma, bayan sun yi wa mamaci addu'a, sukan nemi wanda ya yi jinyar su gaishe shi daban, su ce masa, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada."